Bebe, Fari Na Bakwai Daga Hagu

Asabar, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Yau ba a yi darasi ba. Shekara huɗu da wata biyu Kawu bai taɓa fashin Asabar ba. Ko ranar da ruwan sama ya shigo falo, muka ɗora fiyano a kan bulo huɗu, sai da ya yi darasinsa da wando a naɗe. Yau ƙarfe huɗu ta same ni a bencin asibiti, waya a hannu, ina kallon mutane suna shigowa guruf ɗin ajin a waya ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta musu: "Malam ya yi 'yar tafiya." Farce, ɗaya daga cikin ɗalibai, ta ce Allah ya dawo da shi lafiya, kar a manta da tsarabarta. Na mayar da wayar aljihu.

Littafin nan na awon ƙofofi ne, Maigida ya ba ni a shago. Na juya shi ta baya na fara rubutu, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Zancen ranar Alhamis ba zan rubuta ba. Kofin shayi dai ya faɗi. Inna, matar Kawu, ta share.

Lahadi, 4 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Kawu ya buɗe ido ya gan ni, maganar farko da ya yi: "Kai, Filasta, wa ke tsaron ajina?" Maganar tana fita a hankali, ta gefe ɗaya. Na ce ajin yana lafiya, Kawu.

Hannun damansa yana kiɗa a kan zanen gado. Na gane waƙar daga yadda yatsun ke tafiya, ta darasi na sha ɗaya ce. Na hagun kuwa, wanda ya shanye, Inna ta lulluɓe shi da bargo.

Ina zaune ina kallonsa, ina tuna wanene wannan mutumin. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar 'yan makaranta. Ya sauke yara ƙarfe takwas, sai ƙarfe biyu zai kwashe su. Sauran direbobi su kwanta a inuwa, shi ya shiga zauren taro inda aka ajiye tsohon fiyano, ya zauna da yatsa ɗaya yana neman waƙar da ya ji a rediyo. Ba wanda ya nuna masa komai. Da makarantar ta sayi sabo, aka ce a fitar da tsohon, mu shida muka ɗauko shi. Ni ina ɗan shekara sha biyar lokacin, sabon zuwa gidansa bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa.

Ajin Asabar kuwa da mutum tara ya fara, yanzu ɗari uku da sha biyu. Ni ke riƙe waya, ni ke turawa. Doka ɗaya ce: hannu kawai ake nunawa a bidiyo, ban da fuska. Kawu ya ce fuska ke jin kunya, hannu ba ruwansa. Shi ya sa kowa sunan hannunsa yake amsawa. Farce, don ƙumbunanta suna ƙas-ƙas a kan maɓallai kafin sauti ya fito. Mai Agogo, wanda agogonsa ya fi wuyan hannunsa faɗi, kuma ba abin da ke wuce masa. Ni Filasta, don ba a taɓa ganin babban yatsana babu ita ba. Aikin kafinta ke nan.

Talata, 6 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na auna ƙofa ɗaya sau uku. Maigida ya kalle ni.

Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An sallamo shi. Ya shigo falo da sanda, ya tsaya gaban fiyano kamar wanda ya haɗu da tsohon aboki a inda bai so a gan shi ba. Ya ce, "Inna, ba ni mayafin nan mai ruwan ƙasa." Da hannu ɗaya ya rufe shi. Na miƙa hannu zan ja masa ɗaya gefen, ya ce bari.

Sannan ya zauna, ya ce in zauna.

"Asabar ɗin ƙarshen wata za ka rufe guruf ɗin."

Na ce Kawu.

"Ka ji ni. In ce wa mutane ga yadda hagu ke yi, su ce nuna mana, in nuna musu me? Ba zan zauna ina ba da labarin kiɗa ba. Ka ba su sati uku su kwashe bidiyon da suke so."

Na ce ai ana iya jira.

"Mutum ɗari uku su jira hannu ɗaya? Su nemi malami mai biyu."

Inna tana bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta ce, "To sarkin yanke hukunci, ka sha maganinka tukuna." Ya sha.

Ban gaya wa guruf ba.

Asabar, 10 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na tura tsohon bidiyo kamar sabo. Minti bakwai Mai Agogo ya rubuto: "Wannan na shekarar waccan ne. Hannun rigar Malam yana da maɓalli biyu a nan, tun bara ɗaya ya faɗi." Farce ta sa dariya, ta ce Filasta an kama ka, ina ka kai mana Malam?

Na ce tafiyar ce ta yi tsawo.

Mai Agogo ya biyo ni ta gefe, ba a guruf ba. Layi ɗaya ya rubuta: "Ba sai ka faɗa ba. Ka gaishe shi." Na daɗe ina kallon layin.

Litinin, 12 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Mayafin yana nan.

Laraba, 14 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Yau ya yi rabin awa yana saka maɓallin riga. Inna ta zo za ta taimaka, ya ce, "Ke, na roƙe ki?" Ta ce, "Ba ka roƙe ni ba, shayinka ne ya roƙe ni, ya huce." Bai yi dariya ba, amma ya gama da kansa. Bai yi tsaki ko sau ɗaya ba. Ni da zan yi wannan, da na yage rigar. Haka na san shi tun da: darasi ɗaya sai ya maimaita sau arba'in kafin ya yarda in danna waya, in na gaji ya ce mini hannu ba ya jin magana sai an daɗe ana gaya masa.

To me ya sa wannan karon ya ƙi gaya masa?

Alhamis, 15 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Wata sabuwa ta shigo guruf, ta ce ta ɗan yi karatun kiɗa a makaranta. Ta kalli bidiyon mutane kusan goma, sai ta tambaya: me ya sa duk wanda ya zo wuri kaza a hannun hagu sai ya yi tsalle zuwa sama, alhali ga sautin nan a kusa da shi? Mai Agogo ya ba ta amsa mai tsawo. Ya ce salo ne, Tsallen Malam ake kiransa, yana sa waƙa ta numfasa. Farce ta ce wata uku ta yi kafin ta iya shi, kar wanda ya raina mata wahala.

Ina shago, na yi dariya har Maigida ya leƙo. Karon farko tun ranar Alhamis waccan.

Ba salo ba ne. Maɓalli fari na bakwai daga hagu a fiyanon Kawu ba ya magana, tun yana makaranta. Bebe muke kiransa a gida. In waƙa ta kai wurinsa, Kawu sai ya tsallake zuwa ɗan'uwansa na sama mai irin muryarsa. Ya saba har bai san yana yi ba. Su kuma ɗalibai hannu suke kallo, abin da hannu ya yi shi suke yi. Mutum ɗari uku, kowa da lafiyayyen kibod a ɗakinsa, har da wanda ya zana nasa a kwali, duk suna tsallake maɓallin da ba abin da ya same shi. Ni ma haka nake yi.

Sau biyu na taɓa ce masa in buɗe in duba. Ya ce bar shi, mun saba da juna.

Asabar, 17 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na gwada yin darasin da kaina, a kibod ɗin wani abokina. Sau tara na ɗauka. Farce ta ce, "Filasta, Allah ya ba ka lada, amma hagunka kamar mai buga ƙusa." Gaskiyarta. Mutum sha tara kawai suka turo aikinsu. Da Kawu ne, sun haura tamanin, kuma kowanne sai ya saurare shi ya aika masa saƙon murya. Yakan ce wa mutum, "Ɗan yatsanka na ƙarshe yana jin tsoro, ka lallashe shi." Ni ban san ta ina ake ganin tsoron yatsa ba.

Saura sati biyu. Har yanzu ban gaya musu ba.

Litinin, 19 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Mayafin ya ɗan goce ta gefen hagu. Jiya ma haka, na gyara. Inna ce wajen shara, ina jin.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na yi tunani. Gobe Inna za ta kai shi asibiti wajen masu motsa hannu, daga tara har sha biyu. In ya dawo ya tarar Bebe yana magana, wataƙila son jin muryarsa ya sa ya ɗaga mayafin. Shekara nawa yana tsallake shi. Ko sau ɗaya dai zai so ya ji.

Na roƙi Maigida rabin yini. Ya ce je ka, dama jikinka kawai ke zuwa shagon nan.

Laraba, 21 ga wata, ƙarfe 12:20 na rana

An yi. Na cire allon gaba, ga ƙananan gudumomin da ke buga sauti a jere kamar yara a layi, kowacce da hular auduga. Ta bakwai ba ta nan. Na same ta a ƙasa cikin ƙura, tare da murfin biro da takardar alawa, wuyanta a karye. Na fere sabon wuya daga guntun katako mai tauri, na huda, na sa gam, na ɗaure da zare har ya kama. Awa biyu da rabi. Na danna a hankali. Murya a dishe, mai kauri, kamar ta wanda aka tasa daga barci. Na sake dannawa.

Abu ɗaya na gani da na ɗaga murfi. Duk maɓallan sun yi ƙura siririya, ban da Bebe. Shi yana ƙyalli. Na ce ko haske ne.

Na mayar da komai, na rufe mayafin yadda yake.

Alhamis, 22 ga wata, ƙarfe 8:05 na safe

Ina bakin ƙofa ina ɗaure takalmi. Inna tana wanke-wanke. Sai muka ji shi daga falo. Dummm. Ɗaya, mara ƙarfi.

Ruwan famfo ya tsaya.

Na shiga. Kawu yana zaune a kujerar fiyano, mayafin a ɗage ta gefe ɗaya kawai. Ya riƙe wuyan hannun hagunsa da na dama, ya ɗora shi a kan Bebe. Bai juyo ba.

"Wa ya taɓa shi?"

Na ce ni ne, Kawu, na ɗauka za ka ji daɗi.

"Ka ɗauka." Ya sauke hannun a cinyarsa da ɗayan. "A gidan nan wuri ɗaya ya rage mini da ba a jina. Ɗaya. Shi ma ka sa masa baki."

Na tako zan matso kusa da shi.

"Tafi aikinka, kafinta."

Bai taɓa kirana kafinta ba.

Juma'a, 23 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na gaishe shi. Ya amsa wa bango.

Asabar, 24 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Ban tura komai ba. Farce ta kira sau biyu.

Lahadi, 25 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Inna ta kira ni kicin, ta ba ni albasa in yanka, don in samu abin yi da idona, in ji ta. Ta ce tun kwana uku da dawowarsa yake yi. Da na fita aiki sai ya ɗaga gefen mayafin ya zauna. Bebe kaɗai yake dannawa, don in yatsan ya kasa ba wanda zai ji, in ya iya ma ba wanda zai ji ya fara sa rai. Ita tana ganinsa ta gilashin kabad, sai ta ƙara buɗe famfo ta yi kamar ba ta nan.

"Sati biyu ina wanke kwano ɗaya," in ji ta. "Kai kuma ka zo da gam ɗinka."

Na ce na ga ƙyallin, Inna. Na ga mayafin ya goce. Duk na gani.

"Ka gani mana, idonka ai ba ya barin komai. Tambaya ce ba ka iya ba, kai da kawunka duka."

Ni da nake cewa ya ƙi gaya wa hannun. Ashe kullum yana gaya masa, a inda ba mai ji.

Litinin, 26 ga wata, ƙarfe 7:40 na safe

Na durƙusa gefen kujerarsa na ba shi haƙuri. Na ce minti biyar ya ishe ni in cire gudumar, ya koma yadda yake. Ya kalli taga.

"Ya ƙara nauyi," ya ce. "Da babu gudumar, taɓawa kaɗan yake sauka. Ina ta murna ashe iska nake dannawa."

Na ce zan cire.

"Na ce ka cire?"

Na ce a'a, Kawu.

"Bar shi. Tafi, za ka makara."

Talata, 27 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Inna ta tare ni a ƙofa, ta ɗaga yatsu huɗu. Sau huɗu ke nan Bebe ya yi magana yau. Na gane.

Laraba, 28 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Biyu kawai yau. Bai ci abincin rana ba.

Alhamis, 29 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Na yi kamar na fita, na tsaya a bayan ƙofar gida. Na san bai kamata ba. Dummm. Shiru mai tsawo, har mai shara ya wuce da kurarsa. Dummm. Na ƙirga tara. Tsakanin na shida da na bakwai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi wa ɗalibai: "Haba, ɗan ƙarami, ba abin tsoro. Sake."

Na isa shago a makare. Maigida ya dubi fuskata ya ce ƙurar katako ce ko? Na ce ita ce.

Juma'a, 30 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Gobe ne. Bai janye maganar ba, ni kuma ban tambaya ba. Na rubuta saƙon sallamar a takarda, na gyara sau huɗu. Har yanzu guruf ba su san komai ba, laifina ne. Mai Agogo ya turo bidiyon darasi na sha ɗaya, hagu kaɗai, ba bayani. Bayansa mutum talatin da ɗaya suka yi haka. Ban san ko shi ya haɗa su ba. Ban nuna wa Kawu ba, kar ya ce na kai ƙararsa.

Asabar, 31 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Huɗu saura kwata na shigo falo da takardar a aljihu. Mayafin yana ninke a kan kujera. Kawu ya sa rigar nan mai maɓalli ɗaya a hannu.

"Ka rufe?"

Na ce tukuna, sai huɗu.

"To ɗora wayar a inda take zama. Ka shigar da hannuwan duka biyun."

Na ce duka biyun, Kawu?

"Kurma ne kai? Bebe ya warke, kai ka kamu?"

Na ɗora. Na jingina wayar da littafin nan. Ya ɗaga hagun da dama ya ajiye shi a gaban kowa, yatsun a lanƙwashe yadda suke yanzu. Bai yi bayaninsa ba. Cewa ya yi:

"'Yan aji, ban yi tafiya ba, Filasta ya yi muku ƙarya, ni na jawo masa. Yau gyara za mu yi. Tsallen nan da kuke yi, ba salo ba ne. Maɓallina ne ya mutu. Shekara huɗu kuna tsallake rami a hanyar da babu rami. Wanda ya koya muku haka direba ne, ku yafe masa."

Inna ta fashe da dariya a kicin, dariyar ta shiga bidiyon.

"Ga sautin da ya kamata ku ji tun farko. Ni ma ban taɓa jin waƙar da shi ba. Yatsa ɗaya gare ni a nan, da yatsa ɗaya na fara, na san hanyar. Wanda ke sauri ya wuce gaba, ga bidiyoyi can. Wanda hagunsa ke ba shi wahala ya zauna kusa da ni."

Sai ya fara ta sha ɗaya. Dama tana tafiya kamar ruwa, kamar ba abin da ya faru a gidan nan. Hagu yana jira a kan Bebe. Sau goma sha shida waƙar take biyowa ta wurinsa. Na ƙirga. Sha uku sun fito. Uku yatsan ya sauka, bai kai ba, wurin ya zauna babu komai, Kawu bai tsaya ba kuma bai yi tsalle ba.

Da ya gama, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na ce in yanke wuraren ukun, ko mu sake ɗauka?

"Tura shi haka. Su san inda za mu fara mako mai zuwa."

Na tura. Farce ce ta fara amsawa, saƙon murya, rabinsa kuka rabinsa masifa, wai wa zai biya ta wata ukunta. Sabuwar nan ta ce dama ta faɗa. Mai Agogo ya rubuta cewa shi dai da izinin Malam ba zai daina tsallen ba. Kawu ya ce in gaya masa taurin kai ba kiɗa ba ne, amma ya ci gaba.

Na nuna masa bidiyo talatin da biyun jiya. Ya kalli na farko har ƙarshe, ya ce in ba shi wayar. Yanzu haka yana falo yana amsa su ɗaya bayan ɗaya, yana kan na bakwai. Ina jin shi daga nan: "Ke mai zoben azurfa, ɗan yatsanki na ƙarshe yana jin tsoro. Nawa ma haka. Ki lallashe shi."

Takardar sallamar tana aljihuna. Bayanta babu rubutu, za ta yi awon ƙofa ranar Litinin.